Saƙo Zuwa Tekun Italiya

"Ya Hajja, wannan guga ce? A haka zan sa rigar a Italiya?"

Na karɓi rigar daga hannun Madam na sake goge ta. Na daɗe ina aiki a gidanta a unguwar Safa, nan ƙasa mai tsarki, na san ba a musu da Madam ranar haɗa kaya. Da ta huce sai ta miƙo mini waya, wai in ga inda za su: ƙauye a jikin dutse, gidaje ja da ruwan ɗorawa, ƙananan jirage, ruwa shuɗi iya ganinka.

Na ce masha Allah. Ban ce mata ruwan nan ne ya ci ɗana ba. A nan unguwar Hindawiyya na haife shi, ba iƙama, wato takardar zama, aka yi masa tarhil, aka kore shi zuwa Sudan, ƙasarmu ta asali, da bai taɓa gani ba. Daga can ya bi Libiya, ya hau jirgin roba. Shiru har yau. Liman ya yi masa sallar ga'ib, halas, shi ke nan. Amma ba wanda ya suturta shi, ni kuma ba ni da takardar da za ta kai ni ko filin jirgi.

Tana shirin rufe akwati na ciro ƙulli daga jakata: likkafanin da na tanadar wa kaina, na wanke shi da Zamzam.

"Madam, ni in na mutu, mutanen unguwa ba za su bar ni tsirara ba. In kun shiga jirgin yawo, kun yi nisa da mutane, za ki sakar mini wannan a ruwa?"