Tabarmar Kaka Saratu

Wata Talata da yamma, addu'ar gida-gida ta zumuntar mata ta zagayo gidanmu a Yalwa. Shekarata tara, kuma ni Mama ta sa in yi shimfiɗa.

Na jera tabarmi masu kyau a inuwar mangwaro. Sai na ɗauki wata yagaggiya na kai can bakin ƙofa, cikin rana, saboda Kaka Saratu, wata tsohuwa 'yar cocinmu. Daddawa take sayarwa a kasuwar Muda Lawal, kuma daga can take wucowa, zaninta duk wari.

Da ta shigo na nuna mata wurin. Ta dubi tabarmar, ta dubi sauran matan, ta yi murmushi.

"Kin kyauta, jikata," in ji ta. "Ni ma na san ina wari."

Mama tana shirin ɗaga waƙa. Ko kallona ba ta yi ba. Ta tashi da littafinta, ta je ta zauna jikin tsohuwar. Ɗaya bayan ɗaya matan suka ja tabarminsu suka bi ta, har da matar fasto. A rana aka yi addu'ar, ni kaɗai aka bari a inuwa.

Muna naɗe tabarmi Mama ta ce a hankali, "Ranar da na haife ki, zaninta Kaka Saratu ta kwance ta naɗe ki."

Har yau in na buɗe ƙullin daddawa sai kunya ta rufe ni. Ban taɓa ba ta haƙuri ba.