Takalma a Ƙofar Gida

Ranar Sallah a birnin Kokand, Sanobar ta bi al'ada, tana zaga gidajen da aka yi rashi bana.

A gidan Tursun mai gurasa ta ce, "Allah ya jiƙansa, bai taɓa cusa mana kwantai ba." A gidan ungozoma ta sha shayi kamar ruwa.

A gida na ƙarshe ta tarar da takalman mata cunkus a ƙofa. Wata maƙwabciya ta leƙo.

"Haba Inna, ina kika shige? Tun safe muke jiranki mu yi wa ɗanki addu'a."

Sanobar ta daɗe tana kallon ƙofar gidanta.

"Ban gama da gidan Tursun ba," ta ce, ta juya.