Koren Ɗigo

"Cire mini baƙin saitin nan na kamfani," wata tsohuwa ta ce da maƙerin bindiga, tana nuna abin auna bara da ke kan ƙaramar bindigarta. "Sa mai koren ɗigo."

Ɗanta ya girgiza kai. "Mama, ba laifin saiti ba ne, ido ne ya tafi. Bari in sayar da fistol ɗin."

"In na faɗi gasar harbi ta Asabar, sayar."

Ranar Asabar ta ɗora koren ɗigon a tsakiyar allo, ta dunƙule harsashi goma wuri guda. Da alƙalin gasa ya kawo takardar sakamako, ta miƙa wa ɗan.

"Karanta da ƙarfi, mai ido."

Ya matso da takardar, ya nesanta ta, ya kanne ido. Can ya sassauta murya.

"Mama, ara mini tabaraunki."