Dogarin Mushe Jika

Mushe Jika, wato Malam Jika na makarantar Tanout, ya toshe tagogin ɗakin ƙere-ƙere da tabarmi, ya sa wa ƙofar kwaɗo biyu, sannan ya jera ƴan ajinsa a rana ya sa su rantse ɗaya bayan ɗaya cewa ko iyayensu ba za su ji ba.

Yana da dalilinsa. Shekara uku a jere lakwal, wato makarantar boko, ta Belbeji tana lashe gasar ƙere-ƙere ta ƴan makaranta, Tanout kuwa aikinta tafa musu. Bana, shekarar 1986, darakta ya faɗa masa gaba da gaba: in aka sake shan kaye, ɗakin zai koma ma'ajiyar karyayyun tebura. Mushe Jika kuwa da hannunsa ya yaɓe ɗakin nan, ko ɗakin kwanansa bai so haka ba.

Abin da suke ƙerawa sun sa masa suna Dogari. Dogon mutum-mutumi ne mai fankar gwangwani a ka. Iska ta juya fanka, fanka ta ja sarƙar keke, hannuwa su ɗaga su doki gwangwanaye, tsuntsaye su watse daga gero ba tare da an tsayar da kowa a gona yana ihu ba. Raishatu, wadda ta fi kowa kai a ajin, ita ta kawo dabarar. Aghali ya kawo sarƙar daga keken kawunsa, ba a kuma tambaye shi ko kawun ya sani ba.

Aibin Dogari ɗaya ne. In iska ta yi ƙarfi sai ya haukace. Sau biyu hannunsa na fizgewa, na biyun har ya tafi da hular mai gadi.

Saboda haka kullum Mushe cikin sake zane yake. Wanda ya gama da shi ba ya jefarwa a lakwal, kada wani ya tsinta. Gida yake kai shi ya cusa a wani kwando cikin ɗakin mahaifiyarsa, Inna Tata. A duk Damargu nan kaɗai ya amince da shi, don tsohuwar ba ruwanta da boko, ita dai sana'arta ta sani.

Ana nan sai Gajere, direban motar kasuwa, ya tare shi a bakin tasha yana washe baki.

"Mushe, ƴan Belbeji fa sun ƙera wani dogo mai fanka a ka. Har da sarƙar keke, wallahi."

Ran Mushe ya ɓaci ƙwarai. Washegari ya zauna ya yi ta bin ƴan ajin da ido. Raishatu gwaggonta na aure a Belbeji. Aghali danginsa a rijiyoyin can suke shayar da raƙuma.

"Haba Mushe," in ji Raishatu, idonta ya kawo ruwa don haushi, "ni da na kawo dabarar, ni zan kai wa wasu?"

Bai saurare ta ba. Ya hana kowa ganin zane, sai dai ya ce yanke nan, ɗaure can. Ya rage wa Dogari tsawon hannu shi kaɗai, ƙofa a rufe. Da kasuwa ta zagayo, Gajere ya leƙo ta tagar mota ya ce ƴan Belbeji sun rage wa nasu hannu. Ranar Mushe ko tuwo bai ci ba.

Saura kwana biyar gasa, Dogari bai daina hauka ba. Mushe ya koma kwandon yana neman wani tsohon zane, sai ya ci karo da ɗaya a yamutse, duk tabo, an yi masa gyara da jan bik, wato biro. An zana ƴar jakar fata cike da yashi, an rataya ta a gindin kowane hannu don ta riƙe shi. A ƙasa an rubuta: "A gwada wannan."

Aka gwada. Iska ta taso da ƙarfinta, Dogari ya ci gaba da duka a natse kamar mai dakan fura. Mushe ya ji kunya ta kama shi, ya kira Raishatu ya sa mata albarka gaban aji, a zatonsa ita ta yi gyaran. Ta ce ita ba ta san zancen ba. Ya ce kawaici ne irin na ƴar gidan mutunci.

Ranar gasa aka cika filin lakwal. Aka yaye mayafin da aka lulluɓe na Tanout da shi, aka yaye na Belbeji, sai jama'a suka fashe da dariya: Hasan da Husaini, har jakunkunan yashin. Iska ta zo, duka biyun suka kama aiki, ba wanda ya saki hannu. Sufeto ya zagaya su sau uku yana sosa ƙeya, daga ƙarshe ya ce duka sun zo na ɗaya. Darakta ya raɗa wa Mushe cewa teburan za su nemi wani wurin. Yara suka yi ta tsalle.

Mushe Jika ya ji daɗi, amma bai saki fuska ba, don har yanzu bai kama munafukin ba. Sai ga Mushe Rissa, malamin Belbeji, ya keto taro ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa. Ban taɓa ganin mai kyauta irinka ba. Shi ya sa da yarana suka gano maganin hannun, na ce Gajere ya mayar da takardar inda ya samo ta."

"Wace kyauta na yi maka?"

"Haba, bar ɓoye-ɓoye! Mako tara ke nan, duk ranar kasuwa in na aiki Gajere ya sayo mini ƙuli-ƙulin Inna Tata, a cikin sabon zanenka yake zuwa a ƙunshe."