Kiɗan da Ya Cinye Motar Marayu

Injiniya ake ce masa a tasha, amma kada sunan ya ruɗe ku. Ko ƙofar makarantar koyon sana'a bai taɓa leƙawa ba. Direbobi ne suka laƙa masa don ba'a, saboda babu abin da za a ambata bai ce ya iya ba. Shi kuwa gogan naku ya karɓi suna hannu bibbiyu yana hura hanci.

Motar da yake haya da ita ma ba tasa ba ce. Mijin yayarsa ne ya rasu ya bar ta, ya bar yara huɗu, babu gona babu shago. Yaya ta damƙa wa ƙanenta makulli. Abin da ya kawo da yamma da shi ake ɗora tukunya, da shi yara ke zuwa makaranta.

Rannan sai ga shi ya faka a ƙofar gida da sabon rediyon mota a kwali, da wata ƙatuwar sifika mai kama da akwatin kaya. Wai rediyon da ya zo da motar na tsofaffi ne, shi so yake idan ya shigo tasha a ji ƙasa tana girgiza.

Yaya ta fito ta tarar ya ɓalle gaban mota, wayoyi sun zubo kamar kayan ciki.

Ta ce, "Auta, ka kai wa mai wayarin mana. Motar nan ita ce uwa da uban yaran nan."

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Haba Yaya, waya biyu ce fa, ja da baƙa. A kan wannan zan je in tsaya wani mai dattin hannu yana yi mini iyayi?"

Ta juya ta koma ciki. Ta san halin kunnen ƙashinsa tun yana goye.

Da wuƙar yanka albasa ya fere wayoyin. Ya murɗa wannan da waccan, ya naɗe da guntun leda, don salatif ya ƙare kuma ganda ta hana shi zuwa shago. Ya kunna, kiɗa ya tashi, ya ƙara murya, sai ɗif. Fiyus ya tsinke, wato ɗan abin nan da aka sa don ya yanke wuta idan ta yi yawa. Ya sa wani, shi ma ya tsinke.

Mai hankali a nan zai gane mota magana take yi masa. Shi kuwa tsaki ya ja, ya ce fiyus ɗin zamani duk jabu ne. Ya ja doguwar waya kai tsaye daga kan batir, ya zura ta wani ramin ƙarfe mai kaifi, ya bi da ita ƙarƙashin kafet har but inda ya ajiye sifikar, babu fiyus ko ɗaya a tsakani. Kiɗa ya ɗauka, gilasai suka hau rawa. Ya fito yana taku ɗai-ɗai, sai ka rantse jirgin sama ya ƙera.

A tasha ya ishi kowa. Fasinja na gaya masa inda zai sauka, sai ya yi ta maimaitawa kafin a ji shi. Duk ramin da motar ta faɗa kuwa, ƙarfen nan yana ƙara cin rigar wayar, shi ko a jikinsa.

Wata rana da tsakar rana suna cikin cunkoso, mota cike, wata mata mai goyo ta ce, "Direba, ƙaurin roba nake ji."

Ya ce, "Daga waje ne, Hajiya, shara ake ƙonawa." Ya ƙara murya.

Bai rufe baki ba hayaƙi ya turnuƙo daga ƙarƙashin kujera. Fasinjoji suka yi waje a guje, mai goyo ta faɗi ta gurje gwiwa tana salati. Injiniya ya murɗa makulli ya kashe mota, amma ina, wayar ba ta bi ta makulli ba, daga batir take shan wuta. Ya ruga but neman tukunyar kashe gobara, sai a lokacin ya tuna tana gida bayan ƙofa, shi ya cire ta don sifika ta samu wuri.

Jama'a suka yi ta watsa ƙasa, wuta ta yi ta cin abinta. Kafin motar kashe gobara ta ratso cunkoso, ƙarfe baƙi ƙirin kawai ya rage a bakin titi.

A ƙasa ya tako gida, ba ko takalmi ƙafa ɗaya. Yaya tana tsakar gida tana jiran cefane. Ta dubi fuskarsa, ta dubi rigarsa da ta sha hayaƙi.

Ya fara kame-kame. "Yaya, wallahi wayarin motar ne dama tsoho…"

Ta ce, "Ka yi mini shiru, Auta. Ni na ba ka, ni na cuci 'ya'yana." Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon marayu ya doka. Babbar 'yar ta bar makaranta, uwar ta koma wankau a gidajen mutane. Shi kuwa mara kunyar yana nan a tasha yana yi wa wasu kiran lodi, har yau bai yarda laifinsa ba ne.

Jama'a, fiyus da ya tsinke gargaɗi ne, kada a zagaye shi. Aikin da ba ka iya ba ka kai wa masu shi, balle a kan dukiyar amana, don girman kan jahili ba shi kaɗai yake ƙonawa ba.