Mangwaron Kwabena

Tun da sabuwar doka ta zo Jibiya, duk baƙon da ya shigo ba takarda, dashen itace ake ba shi. In dashen ya kama, baƙo ya zama ɗan gari. In ya bushe, motar mayar da shi ƙasarsu na jira.

Ranar duba, akuyar Inna Tabawa ta lamushe dashen mangwaron Kwabena, baƙon da ke gyara mata injin markaɗe. Tabawa ta yi wuf ta ciro dashe daga gidanta, ta kafa a ramin.

Jami'i ya duƙa, ya shinshina ganyen. "Inna, wannan ai gwaiba ce."

"Haba ɗan nan! Mutum ya canja ƙasa, itacensa ne ba zai canja ba?"

Jami'in ya tuntsire da dariya, ya buga hatimi. Motar ta matsa zuwa rami na gaba.