Kifin da ya kwana a rataye

Kai Tanimu, ni uwarka za ka tsare da tambaya ko ka sayar da jirgin ubanka ka tafi kamun kifi a teku? Ni na taɓa ganin teku? Tun asuba nake gaban wutar banda, idanuna sun yi ja, bayana kamar an sara, sai yanzu ka ga damar neman shawara, bayan ka riga ka kai mai saye ya duba jirgin. To zauna. Sau ɗaya zan faɗa.

An yi wani masunci, ɗan kogi irinku, wanda ya san makwancin kowace tarwaɗa a ruwan garinsu. Ya raina ƙarfasa da ragon ruwa, ya kwashi iyalinsa sai bakin teku, don ya ji labarin wani kifi mai ratsin baƙi daga wuya har wutsiya, wanda masu hali kan fita kamu don nishaɗi kawai, su ɗaga shi a yi musu hoto. Kwana goma sha ɗaya yana jefa ƙugiya bai samu ko na miya ba, garin da suka zo da shi ya koma kakkaɓar buhu. Ran na sha biyu abin ya ci ƙugiya. Tun hantsi suke ja-in-ja har la'asar, igiya ta yanka masa tafin hannu biyu, amma ya fito da shi, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum. Matarsa ta wasa wuƙa, ta hura wuta da ragowar itacensu. Masuntan wurin suka ce masa ya farke cikin yanzu, ya yanyanka, ya zuba gishiri. Ya yi dariya. Ya ce kifin da aka haifa cikin gishiri, ya sha gishiri, ya tsufa cikin gishiri, wane gishiri kuma yake nema? Ya rataye shi a ƙofar bukka don masu wucewa su san ɗan kogi ya iso.

Suka kuwa sani. Aka taru, aka auna da taƙi, aka yaba. Itacen matar ya cinye ya zama toka, yara suka kwanta da ruwan zafi a ciki, suna kallon abincin wata guda yana lilo a kansu. Da gari ya waye cikin kifin ya kumbura kamar salka, koren ƙuda ya rufe idon, naman da aka taɓa sai yatsa ya nutse. Gishirin yana cikin ruwa, bai taɓa shiga tsoka ba. Da hannayen nan nasa masu ciwo ya haƙa rami ya binne shi, maƙwabta na toshe hanci. Matar ta ɗauki ƙwarya ta shiga bukkoki roƙon kawunan kifi.

Ya iya kamu, ban ce bai iya ba. Kai ma ka iya. Amma ruwan da ba a haife ka a bakinsa ba, kai jariri ne a cikinsa ko da gemunka, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Jirgin dai ba na sayarwa ba ne ina numfashi. Ku kuma yara da kuka baza kunnuwa, Lantana, Ɗan'asabe, ku wanke hannun nan mai ƙarni ku wuce ku kwanta.